Filin wasan yara da ƙaramar hukuma: Abin da ya sa kalmar “an rufe don gyara” ke tayar da hankali a Tambuwal da Kebbe

A watan Disamba na shekarar 2020, kwanaki kaɗan bayan ’yan bindiga sun kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a Jihar Katsina, Gwamnatin Jihar Sakkwato ta ba da umarnin rufe makarantun kwana 16 da ke yankunan da ake jin tsoron irin wannan hari. Cikin jerin har da Sakandaren Gwamnati ta Kebbe da Firamaren Kwana ta Jabo da ke Ƙaramar Hukumar Tambuwal. An bayyana matakin a matsayin na wucin gadi, aka kuma ce za a rarraba ɗaliban zuwa wasu makarantu.

Babu mai hankalin da zai zargi hukuma don ta nisanta yara da haɗari. Sai dai a karkara, ranar da aka sa wa makaranta kwaɗo, ba azuzuwa kaɗai ake rufewa ba. Sau da yawa filinta ne wuri mafi faɗi kuma mafi daidaito a garin, inda samari ke buga ƙwallo da yamma, ƙanana kuma ke guje-guje. Wannan darasi ya shafi kowane irin rufewa, ko don tsaro aka yi shi ko don a gyara bangon da ya tsage. Tambayar da iyaye ke yi guda ce: yaushe za a buɗe, kuma idan an buɗe, filin zai dawo kamar yadda yake?

Idan gwamnatin jiha ce ta yi magana, jama’a kan saurara ko da da shakku. Idan kuwa daga sakatariyar ƙaramar hukuma sanarwar ta fito, sai shakkun ya ninka. Akwai dalilan da suka haifar da haka, kuma yawancinsu suna cikin doka da tsarin rabon kuɗi da tarihin filaye.

Ina ne filin wasa a karkara?

Tambuwal da Kebbe maƙwabtan juna ne a kudancin Jihar Sakkwato, kuma mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ƙidayar 2006 ta nuna Tambuwal na da mutum kusan 225,000, Kebbe kuma kusan 125,000, duk da cewa Kebbe ta fi faɗin ƙasa. Ma’ana, garuruwan Kebbe irin su Kuchi da Margai da Ungushi da Sangi sun fi warwatsuwa, kuma tafiya zuwa hedkwata ta fi nisa. A Tambuwal, garuruwa irin su Dogon Daji da Sanyinna da Jabo sun fi cika, wasunsu kuma na kusa da babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega, wadda manyan motoci ke bi dare da rana.

A irin waɗannan garuruwa ba kasafai ake samun wurin wasa mai shinge da lilo da sauran kayan ƙarfe irin na birni ba. Filin wasa iri huɗu ne aka sani. Akwai dandali, inda ’yan mata ke gaɗa da farin wata, samari kuma ke langa da kokawa bayan kaka. Akwai filin makarantar firamare. Akwai filin idi, wanda sau biyu kawai ake sallah a cikinsa a shekara, sauran kwanakin kuwa na yara ne. Sannan akwai filin ƙwallo da matasa suka share da hannunsu a bayan gari, galibi a gonar da mai ita ya ba su aro.

Kowane ɗaya daga cikinsu da mai iko da shi. Dandali yana hannun mai unguwa da dattawa. Filin idi na jama’a ne a ƙarƙashin kulawar liman da sarauta. Filin makaranta kuwa na hukuma ne. Wannan bambanci shi ne farkon ruɗani, domin wanda ke da ikon rufewa ba lallai ne ya kasance shi ke da kuɗin gyara ba.

Haɗarin da ke sa a rufe

Wajibi ne a faɗi gaskiya: akwai lokacin da rufe fili shi ne daidai. Iskar farkon damina kan yaye kwanon aji ta bar shi yana reto da ƙusoshi. Bangon da ruwa ya ci gindinsa yana iya tsayawa wata uku lafiya, ya faɗi a rana ta gaba. Akwai masai da ya rufta aka rufe bakinsa da ƙaya, akwai rijiya marar murfi, akwai turakun raga na ƙarfe da tsatsa ta cinye, waɗanda ba a kafa su da siminti ba, yara kuma suna lilo a jikinsu. Akwai wayar lantarki da ta sauko ƙasa. Sama da duka, akwai ramukan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini ko ta aikin hanya, waɗanda ke cika da ruwa a watan Agusta su zama kududdufi mai zurfin da ya shanye babban mutum.

Shugaban makaranta ko injiniyan da ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya yi shiru, ya ci amanar aikinsa. Rigakafi ya fi magani.

To amma rufewa ma tana da nata haɗarin, kuma shi ne ba a cika lissafawa ba. Yaro ba ya daina wasa don an ja masa igiya. Idan an hana shi filin makaranta, zai koma gefen kwalta ko bakin kududdufi ko bayan gari. A lokacin da matsalar tsaro ta sa iyaye ba sa son ’ya’yansu su yi nisa da gida, filin da ke tsakiyar gari, inda ido ke kai, ya fi kowane lokaci daraja. Saboda haka duk rufewar da ba ta zo da wurin da za a koma ba, tana iya ɗauke yaro daga ƙaramin haɗari ta kai shi ga babba.

Wa doka ta ɗora wa alhaki?

Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai bar wannan batu a duhu ba. Jadawali na Huɗu, wanda ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci ginawa da kula da hanyoyi da magudanan ruwa da wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen jama’a. Ya kuma ce ƙaramar hukuma za ta shiga cikin samarwa da kula da ilimin firamare. Ke nan filin wasan gari yana cikin ainihin aikin da aka kafa ta dominsa.

Ta fuskar ƙasa kuma, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, amma ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a wuraren da ba a ayyana su a matsayin birni ba, da ikon amfani da fili don amfanin jama’a. Wannan na nufin ofishin da ke iya kare fili shi ne kuma ke iya yanka shi.

A makaranta kuwa hannaye sun yi yawa. Sashen ilimi na ƙaramar hukuma ke kula da malamai da harkokin yau da kullum. Manyan ayyukan gini da gyara galibi daga Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha, wato SUBEB, suke fitowa. Ita kuma tana dogara da tallafin Hukumar UBEC ta tarayya, wadda dokar 2004 ta ware mata kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya, bisa sharaɗin sai jiha ta ajiye nata rabin kafin ta karɓa. Don haka shugaban ƙaramar hukuma na iya cewa a rufe yau, amma takardar kwangilar gyaran tana kan wani tebur a Sakkwato, kuɗin kuma na jiran sa hannu a Abuja. Mutumin gari bai ga duk wannan ba. Abin da ya gani shi ne wanda ya rufe, shi kuma zai riƙe.

Haƙƙin yaro na yin wasa ma a rubuce yake. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ya tanadi hutu da wasa. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauko wannan tanadi, Jihar Sakkwato kuma ta samu tata Dokar Kare Yara a watan Nuwamba na 2021.

Tushen rashin yarda na farko: kuɗin da ba a gani

Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.60 cikin 100 na abin da ake rabawa daga asusun tarayya, jihohi na da 26.72, Gwamnatin Tarayya kuma 52.68. Suna kuma da kashi 35 na harajin kayan masarufi, wato VAT. A takarda kuɗi ne masu kauri, kuma kowane wata ana wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma.

Sai dai Sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda ta cikinsa kuɗin ke bi. A jihohi da dama, daga nan ake cire albashin malaman firamare da na ma’aikatan lafiya a matakin farko da kuɗin fansho da kason masarautu da na ayyukan da ake kira na haɗin gwiwa, kafin ragowar ta isa sakatariya. Shekaru da yawa wannan tsari ya bar jama’a cikin halin da ba su san wa za su tuhuma ba. Idan an tambayi shugaba ya ce daga sama ne ba a sako ba. Idan an tambayi na sama su ce an ba su haƙƙinsu.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36. Mai Shari’a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. An yi murna da hukuncin, amma aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa, aka shafe watanni ana taƙaddama kan buɗe asusu a Babban Bankin Najeriya da wasu sharuɗɗa. Ga mutumin Girkau ko Faga, hukuncin zai zama gaskiya ne ranar da ya ga an ɗora wa aji rufi a cikin wa’adin da aka faɗa.

Tushe na biyu: zaɓen da ake sanin sakamakonsa

Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulki ya ba da tabbacin cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi. Hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya wannan zaɓe, gwamna kuma ke naɗa shugabanninta. A watan Maris na 2021, lokacin da Aminu Waziri Tambuwal na PDP ke gwamna, jam’iyyarsa ce ta lashe kujerun shugabanni 23 na jihar gaba ɗaya. A watan Satumba na 2024, ƙarƙashin Gwamna Ahmed Aliyu na APC, jam’iyyarsa ce ita ma ta lashe duka 23. Haka abin yake a mafi yawan jihohin ƙasar nan, ko wace jam’iyya ce ke mulki.

Illar wannan ga filin wasa a bayyane take. Kansila shi ne jami’in da ya fi kusa da jama’a, shi ya kamata uwa ta tare a hanya ta tambaye shi ranar buɗewa. Idan mutane suka ɗauka cewa kujerarsa daga hedkwatar jam’iyya ta fito, to ba za su yi tsammanin yana tsoron fushinsu ba. A yanki irin wannan, inda siyasa ke da zafi kuma manyan ’yan siyasa suka fito, ko aikin alheri ma akan auna shi da ma’aunin jam’iyya: unguwar wa aka rufe wa, ta wa aka bari, wane ne kuma ya samu kwangilar.

Tushe na uku: filin da aka rufe ya zama shago

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutanen Arewa sun ga yadda filayen jama’a ke ɓacewa, kuma sau da yawa matakin farko shi ne a kewaye su da kwano. Misali mafi shahara shi ne na Kano, inda aka yanka sassan Filin Idi na Ƙofar Mata aka gina shaguna. A watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan hawansa mulki, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa aka rushe su tare da wasu gine-gine da aka yi a filayen gwamnati. A watan Satumba na shekarar, Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta umarci gwamnatin jihar ta biya masu shagunan diyyar Naira biliyan 30. Jama’a sun yi asara sau biyu: lokacin da aka sayar, da lokacin da aka rushe.

Tambuwal da Kebbe ba Kano ba ne, amma rediyo da wayar hannu sun kai labarin ko’ina, kuma gari na faɗaɗa, fili na ƙara tsada, musamman a bakin hanya da kusa da kasuwa. Makarantun firamare da yawa a karkara ba su da katanga, ba su da taswirar awo, iyakarsu tana cikin ƙwaƙwalwar dattawan da suka ba da gonar ne kawai. Idan waɗannan dattawa suka kau, sai maƙwabci ya ƙara kunya biyu, wani ya kafa rumfa, rumfa ta zama ɗaki. Mutumin da ya san haka, idan ya ga an kawo bulo bakin fili, yana da hujjar tambayar ko na gyara ne.

Yadda ake yi a wasu wurare

A Ingila, majalisun ƙauyuka ne ke riƙe da filayen wasa da dama, kuma su ma sukan sha suka daga mazauna idan suka rufe. Abin da ke rage gardamar shi ne ma’auni a rubuce. Ƙa’idar Turai mai lamba EN 1176 ta tanadi dubawa iri uku: ta ido akai-akai, ta gwada kayan duk bayan wata ɗaya zuwa uku, da babbar dubawa sau ɗaya a shekara daga ƙwararre. Ta kuma ce duk abin hawan da yaro zai iya faɗowa daga kansa fiye da santimita 60 sai an shimfiɗa abu mai laushi a ƙarƙashinsa, kamar yashi. Idan an rufe wuri, akwai rahoton da ake nunawa.

Ba kayan Ingila ne abin koyi a nan ba, domin yashi ba ya wuya a ƙasar Sakkwato. Abin ɗauka shi ne cewa hukuma tana nuna dalilinta a takarda da kowa zai iya karantawa.

Abin da ya kamata a gani kafin a rufe

Na farko, a nuna wa mutane haɗarin da idonsu, domin gani ya kori ji. A kira uban ƙasa ko hakimi da mai unguwa da liman da shugabannin matasa da na mata, a zagaya da su. Na biyu, a rufe iya wurin da ke da matsala. Idan bangon gabas ne ya tsage, babu dalilin hana yara filin yamma. Na uku, a kafa allo da Hausa, da boko da ajami, mai ɗauke da aikin da za a yi, da hukumar da ke biya, da sunan ɗan kwangila, da kuɗin, da ranar gamawa. A maimaita wannan a masallacin Juma’a da bakin sanƙira. Na huɗu, a ware wa yara wani wuri tun kafin a ja igiya. Na biyar, a rubuta cewa filin zai ci gaba da zama na wasa, a sa hannu a gaban shaidu, a kafa duwatsun iyaka ko a dasa itatuwa a gefensa.

Jama’a ma suna da makamai a hannunsu. Kowace firamare ta gwamnati ya kamata ta kasance da kwamitin kula da makaranta na al’umma, wato SBMC, wanda ya ƙunshi iyaye da sarauta da malaman addini da mata da tsofaffin ɗalibai. Wannan kwamiti yana da hurumin tambayar yadda aiki ke tafiya da kai ƙorafi ga sakataren ilimi. Dokar ’Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana 7 ta amsa. Akwai kuma ofishin Babban Mai Binciken Kuɗin Ƙananan Hukumomi na jiha, wanda aikinsa ne bin diddigin abin da aka kashe. Ƙungiyar ci gaban gari da ta rubuta wasiƙa ɗaya mai kwanan wata da sa hannu ta fi ƙarfin gunaguni ɗari a majalisar shayi.

Haka kuma akwai gyaran da bai kamata ya jira kwangila ba. Cike rami da rufe bakin rijiya da kafa turakun raga da siminti da share kwalabe ayyuka ne da gayya ta saba yi a yini guda. Idan ƙaramar hukuma ta kawo siminti da tifar ƙasa, gari ya kawo hannu, an rage kuɗi, an kuma rage zargi, domin wanda ya zuba guminsa a fili ba ya yarda a sayar da shi a bayan idonsa.

Lokacin da ya fi dacewa da irin wannan aiki shi ne rani, tsakanin kaka da faɗuwar ruwa, sa’ad da hannaye suka huta daga gona kuma ƙasa ta bushe. Hukumar da ta duba filayenta a watan Janairu, ta gyara a Fabrairu da Maris, ba za ta buƙaci rufe su da gaggawa a Yuli ba. Idan kuma ta ce kwana 40, ta buɗe a kwana na 40, to sanarwarta ta gaba za ta samu masu saurare a Kebbe da Tambuwal fiye da wadda ta gabata.